Ƙorafin Ɗan Dara da Ƙorafin Ɗan Maining

A shekarar 2024, in ka ratsa majalisun Gaya, ko ka bi hanyar Ajingi ka tsaya a Toranke ko Gafasa, kana iya tarar da wasanni biyu a inuwa ɗaya. Dattawa sun duƙufa a kan ƙasa suna dara, samari sun duƙufa a kan waya suna Hamster Kombat, wasan cikin manhajar Telegram da suka laƙaba wa suna "ɓera", suka sa shi cikin abin da suke kira maining, wato haƙar kuɗin kirifto. Wasannin biyu duk suna da'awar cewa mai dabara ne ke ci. An yi ta musu a kan halaccin na biyun, malamai sun sassaɓa, masu barkwanci sun samu abin yi da masu shafa cikin ɓera. Amma ba a cika tsayawa an saurari irin ƙorafin da 'yan wasan da kansu suke yi ba. Ni kuwa a ganina, kukan ɗan wasa ya fi tallar mai wasa bayyana ko mene ne ake yi.

Darar da nake nufi ita ce mai gida 30, layi biyar ta nan, shida ta can. Kowa yana da 'ya'ya 12. Wannan ya kakkarya tsinken kara, wancan ya tsinto tsakuwa, don kada a rikice. Ana fara zubi ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a yarda ka jera uku a lokacin zubi ba. In an gama sai tafiya: gida ɗaya gaba, ko baya, ko gefe, ban da karkace. Wanda ya jera uku ya ci, sai ya cire ɗa guda na abokin karawarsa. Huɗu a jere ba ci ba ne. Wanda 'ya'yansa suka gaza uku ya tashi ya ba wani wuri. Yaro ma zai haddace wannan a zama ɗaya, amma sai ka ga mutum ya yi furfura bai gama gano lungunanta ba, domin yawanci tun wurin zubi ake kafa tarkon da zai kama mutum can gaba.

Shi ɓeran yana da tarihin da ya kawo shi. A ranar 1 ga Janairun 2024 aka buɗe wani wasa mai suna Notcoin a Telegram, wanda ba a komai a cikinsa sai dangwalar hoton sulai. Mutum miliyan 35 suka shiga. Ranar 16 ga Mayu aka kai kuɗin kasuwa, ya kuma yi daraja, har wasu da suka dangwala da wasa suka wayi gari da kuɗin sabuwar waya. "Ta fashe", in ji 'yan harkar. Labarin ya zo daidai lokacin da rayuwa ta yi zafi: an cire tallafin fetur tun 29 ga Mayun 2023, naira ta faɗi warwas, tsadar kaya ta haura kashi 30 cikin ɗari a shekara. Duk wanda Notcoin ta wuce shi ya ci alwashin ta gaba ba za ta wuce shi ba. Ta gaban kuwa ita ce Hamster, wadda aka buɗe a ƙarshen Maris, kafin Agusta masu ita suna cewa sun tara mutum miliyan 300 a duniya. Ta kai har wani babban hafsan sojan Iran, Habibollah Sayyari, ya fito a watan Yuni yana cewa makirci ne na Turawan Yamma don ɗauke hankalin jama'a.

Masu yi wa wasan dariya sun ɗauka dangwale ne kawai. Ba su yi masa adalci ba. A lokacin ana ba ka ɓera a ce shi ne shugaban wata kasuwar musayar kuɗin kirifto, kai ne za ka raine shi har ya zama hamshaƙi. Dangwalen yana kawo sulallan cikin wasa, amma ƙaramin abu ne. Babban abin shi ne sayen katuna, kowane kati yana ƙara maka ribar da ke shigowa duk sa'a ko ba ka taɓa wayar ba. A nan dabarar take. Kati yana da farashi, yana da abin da yake ƙarawa, in ka raba wannan da wancan sai ka san sa'a nawa zai ɗauka kafin ya mayar da kuɗinsa. Duk ɗaga darajar kati da ka yi, na gaba ya fi tsada, ribarsa kuma ba ta bin tsadar. Don haka mai hankali yana barin kati mai sheƙi ya sayi mai araha, yana sanin lokacin da zai tara da lokacin da zai kashe. Na ga samarin da darasin lissafi ya gagare su a makaranta suna wannan rabawa a ka, ba takarda ba alƙalami.

Akwai kuma wasan ƙwaƙwalwa iri uku. Kullum ana ɓoye katuna uku, wanda ya gano su ya saya yana samun sulalla miliyan 5, shi ne kombo. Kullum ana ɓoye wata kalma da za a buga da salon Morse, taɓawa gajera ɗigo, doguwa layi, ladanta miliyan 1. Daga watan Yuli aka ƙara na uku, wanda ni shi na fi ganin ƙimarsa: mabuɗi ne a tsare a cikin akwati, an kewaye shi da kyandirori ja da kore, wasu sama da ƙasa kawai suke motsi, wasu gefe da gefe, kai kuma ka buɗe masa hanya cikin rabin minti. Wannan wasa ne na gaske, wanda gwanin dara zai iya jin daɗinsa.

Sai dai duk wannan bai haɗa komai da haƙar kuɗin kirifto ta ainihi ba. A tsarin Bitcoin, wanda ya fara aiki a 2009, manyan injuna ne masu shan lantarki suke gasar cankar wata lamba, kusan duk minti goma guda ya dace, a ba shi lada don ya tabbatar da cinikayyar jama'a. A Afrilun 2024 ladan ya ragu daga Bitcoin 6.25 zuwa 3.125. Yatsan ɗan Ajingi ba ya tabbatar da cinikin kowa. Maki ne kawai ake rubuta masa a kwamfutar kamfani, tare da alkawarin wata rana za a mayar masa da su kuɗi. Tarihin Kano ya ce daga Gaya maƙeran nan Abagayawa suka tashi suka nufi dutsen Dala neman tama. Su dai in sun haƙa, a hannunsu abin yake zama.

To, me ɗan dara yake ƙorafi a kai? Zauna kusa da su ka ji. "Malam, ɗan nan ba nan yake ba, ka gyara shi." "Alhaji, ka taɓa shi, sai ka tafi da shi." "Ku 'yan kallo ku yi mana shiru, ba da ku ake ba." Wani ya ce an jera uku tun a zubi, wani ya ce an shagaltar da shi da hira aka ci shi. Duk kukan a kan wasan kansa yake: a kan doka, a kan tafiya, a kan wanda ya ba da satar amsa. Mutum yana jin haushin ɗan kallon da ya nuna masa tafiya ko da tafiyar ta sa ya ci, domin an rage masa daɗin cin. In baƙo ya zo daga wani gari inda dokarsu ta ɗan bambanta, misali ko ana iya cire ɗan da ke cikin jerin uku, kafin a zuba ɗa ko ɗaya za a daidaita. Ba a taɓa canza ta ana tsakiyar wasa, kuma wanda ya gwada haka, majalisa gaba ɗaya ce za ta taso masa.

Ɗan maining kuwa, abin da ɗan dara yake ƙi shi yake nema. Kafin mutum ya tashi daga barci an riga an watsa kombon ranar da kalmar Morse a zaurukan WhatsApp da Facebook, har da hoton bidiyo na yadda za a matsar da kyandirori ɗaya bayan ɗaya. Da wuya ka ji wani ya ce a bar shi ya gano da kansa. Wanda ya makara bai samu amsa ba shi ne mai ƙorafi. Mutane suna buga Morse wata da watanni ba su san harafi ɗaya a cikinsa ba. Wato 'yan wasan da hannunsu suka kashe ɓangaren ƙwaƙwalwa na wasan, kuma ban ga laifinsu ba, domin ba don shi suka zo ba. Kukansu na wancan lokacin duk na wahala ne: data ta ƙare, sabis ya ɗauke, wuta babu, waya tana wurin mai caji. Ga kuma dokar nan ta sa'a uku, wadda ta ce ribar katuna tana tsayawa in ka yi sa'a uku ba ka leƙa ba. Ita ta sa samari saita ƙararrawar tsakar dare, ita ta sa ake tsayar da fartanya a tsakiyar kunya a ciro waya, domin tashen ɓeran ya faɗo ne daidai damina, daga shuka har zuwa yankan gero.

Daga ƙarshen Yuli kukan ya canza. Da farko abin da kowa ya riƙe shi ne ribar sa'a ce ma'auni, don haka aka zuba komai a katuna. Sai aka shigo da mabuɗai, aka ce a sauke wasu wasannin na abokan hulɗar kamfanin, masu cin data da yawan talla, a buga su a samo mabuɗi. Sai jerin abubuwan da za a duba ranar rabo ya ƙaru: riba, ayyukan da ka yi, mutanen da ka gayyato, mabuɗai, da sauransu, ba tare da an faɗi nauyin kowanne ba. Nan da nan wasu suka ƙirƙiro shafukan da ke ba da lambobin mabuɗi ba tare da an buga wasa ba, jama'a suka yi rububi. Da lokaci ya yi, kamfanin ya ce ya kori asusu miliyan 2.3 saboda maguɗi, wasu kuma aka manna musu tambarin masu ha'inci. Ƙorafin ya rabu biyu. Masu tambari suna cewa ba a taɓa gargaɗinsu a fili ba. Waɗanda suka sha wahalar tara mabuɗai ta halaliya suna cewa ba su ga amfanin wahalar ba. Dara ta ci gida ta kowane ɓangare.

Ranar 26 ga Satumbar 2024 aka kai kuɗin, mai suna HMSTR, manyan kasuwanni irin su Binance da OKX da Bybit. Lissafin ba shi da wuya. Adadin kuɗin duka biliyan 100 ne, an ware biliyan 60 don wannan rabon, waɗanda suka cancanta kuma mutum miliyan 131. In aka raba daidai, kowa zai tashi da kimanin 458. An buɗe kasuwa kowane ɗaya yana wajen santi ɗaya na dalar Amurka, wato rabon mutum bai kai dala 5 ba. Dala a lokacin ta ɗan haura naira 1,600, ka ga abin bai kai naira 8,000 ba, kusan kashi ɗaya cikin goma na mafi ƙarancin albashin wata guda, naira 70,000, da aka sa wa hannu a Yulin shekarar. A cikin wannan ma an riƙe kashi 11.25 cikin ɗari sai bayan wata goma. Kuma ba daidai aka raba ba: masu dubban mabiya da suka gayyato jama'a sun kwashi kaso mai tsoka, na ƙasa ya samu abin da 'yan harkar suka kira ƙura. Farashin bai kwana a inda ya fara ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, tun ƙarshen Yuli kamfanin ya faɗi cewa kashi 60 cikin ɗari ne na 'yan wasa, yana kuma alfahari da miliyan 300 ɗinsa, kafin ranar rabo ma an san adadin kuɗin duka. Waɗanda suka ƙware wajen raba farashin kati da ribarsa ba su zauna sun yi wannan rabawar guda ɗaya ba. Wanda ya yi ta ya faɗa a zaure, sai a ce ɗan baƙin ciki ne. Kowa yana gayyato ƙaninsa da matarsa da maƙwabcinsa don a ƙara masa maki, alhali kowane sabon shiga cokali ne aka ƙara a kwano ɗaya.

Ka lura da kalmomin da aka yi amfani da su a makon nan na ƙarshen Satumba. Babu wanda ya ce wasan ba daɗi, ko kyandirorin sun yi sauƙi, ko katunan ba su daidaita ba. Cewa ake an cinye mana gumi, an yi aiki da mu, ina haƙƙinmu. Wannan ba harshen ɗan wasa ba ne, harshen ɗan ƙwadago ne. Kuma suna da hujja, domin kallon bidiyon da aka sa su yi ya kai tashar kamfanin ta YouTube mabiya sama da miliyan 30, tallace-tallacen da suka kalla kuɗi ne ya shiga wani aljihu. Bambancin shi ne, ɗan ƙwadagon garin Kademi ba ya shiga gona sai an zaga ta an yi ciniki, ya san ko na yini ne ko jinga, ya san ko da abinci. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu sun sharɗanta a san lada kafin a ƙulla ijara. A nan kuwa an yi wata da watanni ana aiki, mai gona ne kaɗai zai yanke lada bayan an gama, kuma tun farko ya rubuta cewa wasa ne, bai ɗauki kowa aiki ba.

Sai batun wanda ake kai wa kukan. A dara, wanda kake ƙorafi da shi yana gabanka, gwiwarsa na gogar taka, alƙalai kuma su ne 'yan kallon da suka ga komai. Ana yanke hukunci nan take, a mayar da ɗa gidansa ko a share a sake zubi. A garuruwan nan haka aka saba da kowace irin ƙara. Ko a makonnin da ke tsakanin Mayu da Yulin 2024, lokacin da aka rushe masarautar Gaya kafin a dawo da ita a mataki na biyu da ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da Albasu, mai ƙorafi ya san ƙofar mai unguwa da ta dagaci. Masu Hamster kuwa ba su bayyana sunayensu ba. Fuskar da 'yan wasa suka sani ita ce ta Pavel Durov, mai Telegram, wanda ba shi ne mai wasan ba, shi ya sa da aka kama shi a Faransa ranar 24 ga Agusta hankalin 'yan maining ya tashi kamar an kama mai riƙe musu ajiya. Zagin da aka yi ta zubawa a ƙarƙashin sanarwar kamfanin bai canza rabon kowa ba. Amsa ɗaya ce ta yi tasiri, ita ce tafiya: zuwa farkon Nuwamba masu leƙa wasan a wata sun ragu zuwa kimanin miliyan 41.

Kada wannan ya sa a wanke dara tas. Ita ma ta cinye wa magidanta da yawa yini, an bar gida ba cefane, an yi sallar la'asar a gurguje don kada a rasa layi. Wani wurin ana sa kuɗi ta koma caca. Adalcin majalisar ma yana da iyaka, domin in yaro ya kama dattijo da gyara ɗa, sau da yawa yaron ake cewa ya yi haƙuri. Kuma fage ne na maza zalla. Ɓeran ya shiga inda dara ba ta taɓa shiga ba, ya shiga ɗakunan matan aure da 'yan mata, waɗanda da yawansu a sanadinsa suka fara buɗe walet, suka koyi adana kalmomin sirri, suka san yadda ake mayar da dalar intanet naira ta hanyar ciniki tsakanin mutum da mutum, tunda Binance ta daina hulɗa da naira tun Maris ɗin shekarar. Wasu samarin daga nan suka wuce zuwa koyon saye da sayarwa na gaske. Dara ba ta taɓa koya wa kowa wannan ba. Amma in ana maganar wasa a matsayin wasa, dara ta yi masa nisa, domin wanda aka ci a dara ya san tafiyar da ta kayar da shi, gobe zai gyara. Wanda ya tashi da ƙura a Hamster har yau bai san ko mabuɗansa ne suka yi kaɗan ko mutanen da ya gayyato ba.

Bayan ɓera an ci gaba da dangwale, amma da sanyin jiki. Wata manhajar dangwalen, TapSwap, ta yi ta ɗage ranar fashewa har mutane suka gaji. 'Yan baiwa, wato masu maining ɗin kuɗin Pi, waɗanda suka fara tun 2019, sun ga tasu ta shiga kasuwa ranar 20 ga Fabrairun 2025, ta taɓa kusan dala 3 a makon farko, sannan ta gangaro ƙasa da dala ɗaya, nesa da dala 314,159 da wasunsu suka yi ta rantsuwa a kai. A Maris ɗin 2025 aka sa hannu a sabuwar dokar zuba jari da ta sa kadarorin kirifto ƙarƙashin hukumar kula da hannayen jari ta ƙasa, sai dai ƙarar da za a kai can tana buƙatar sunan wanda ake ƙara da adireshinsa. Yanzu in aka jefo sabon maining a zauren WhatsApp na samarin Gaya, kafin a tambayi yadda ake buga shi ana tambayar abu uku: nawa ne adadin kuɗin duka, kashi nawa ne na 'yan wasa, mutum nawa suka riga mu shiga.